A Ƙidaya 'Ya'yanmu Kafin A Zo Gwajin Maganin Ciwon Huhu Na Gado

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani ciwon huhu na gado, mai suna sistik faiburosis, da yadda ake tsara gwajin magungunansa, domin ina ganin maganar ta kusa isowa gidajen Hausawa alhali ba mu yi mata shiri ba. Ni mazaunin Makka ne tun mahaifina ya zo da mu daga ƙasar Kano ina yaro ƙarami. Na yi shekara 31 ina aikin gyaran rubutu a wata maɗaba'a kafin in yi ritaya, kuma lokacin aikin hajji nakan yi wa alhazanmu tafinta a wuraren shan magani. Ni ba likita ba ne. Jikata ce 'yar shekara tara ta jefa ni cikin wannan karatu, kuma abin da zan faɗa a wurin jinyarta na tsince shi.

Kakarta ce ta fara lura. Yarinyar tana da wata biyar a duniya, ana tsakiyar zafi, Hajiya ta sumbaci goshinta, sai ta waiwayo ta ce, "Malam, wannan amaryar taka gishiri gare ta." Muka yi dariya, amma da gumin ya bushe sai ga wani farin gari a gindin gashinta kamar an barbaɗa kanwa. Daga nan tari ya kama ta ya ƙi saki, ga ta da ci amma ba ta ƙiba, bayan gidanta kuma duk maiƙo. Shekara biyu muka yi muna yawon asibiti, wannan ya ce asma ce, wancan ya ce haƙori ne, aka yi mata gwajin tarin tibi har sau biyu, wata ma ta yi wa uwar faɗa wai ba ta ba ta abinci. Da mahaifinta, wanda ma'aikacin jinya ne, ya kawo zancen wani ciwo mai sa gumi ya yi gishiri, sai wani likita ya kaɗa kai ya ce wannan ciwon Turawa ne, ba ya kama baƙar fata. Sai da aka kwantar da ita jiki a bushe, gishirin jininta ya yi ƙasa, sannan wani likitan yara, Allah ya saka masa da alheri, ya ce a auna guminta. Wannan awo tun 1959 ake yin sa, kuma idan sinadarin gishirin da ke cikin gumi ya kai 60 a ma'auninsu, to alamar ciwon ta tabbata. Nata ya haura 90.

Likitoci suna kiran ciwon sistik faiburosis, Larabawa suna cewa attalayyuful kisi, mu kuwa a gida ciwon gishiri muke ce masa. Wata likita a Amurka, Dorothy Andersen, ita ta fara bayyana shi a 1938, sai a 1989 masu bincike a Toronto da Mishigan suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi. Aikin wannan ƙwayar gado shi ne ta sa jiki ya ƙera wata 'yar ƙofa a bangon hanyoyin iska da na hanji, wadda gishiri ke bi ya fita, ruwa kuma ya bi bayansa ya tsinka majina. Idan ƙofar ta lalace sai majinar ta yi kauri kamar ƙaro, ta toshe huhu, ƙwayoyin cuta su samu masauki, ta kuma tare hanyar ruwan da ke narkar da abinci. Yadda ake gadonsa daidai yake da na sikila: uwa da uba kowa yana ɗauke da rabi kuma lafiyarsa ƙalau, amma duk cikin da aka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Iyayen jikata ɗan wa ne da 'yar ƙane, kuma ni na ƙulla auren da bakina ina murnar ƙara danƙon zumunci. Ban yi nadamar auren ba, amma da na san akwai awon da zai faɗa mana, da na sa an yi shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, wataƙila saboda sana'ata, shi ne ƙwayar gadon nan rubutu ce, lalacewarta kuma kuskuren rubutu ne, har an san sauye-sauye fiye da 2,000 da ke aukuwa a cikinta. Duk wanda ya yi aikin maɗaba'a ya san kurakurai suna suka tara. Akwai wanda kalma ɗaya ce ta faɗi, jimlar ta gurgunce amma ana iya lallaɓa ta a karanta, akwai kuma wanda zai mai da duk abin da ya biyo baya shirme, sai dai a zubar da shafin. Kuskuren da ya fi yawa a Turai da Amurka, wanda ake yi wa laƙabi da F508del, irin na farko ne, wato jiki yana ƙera ƙofar amma a karkace, saboda haka ana iya samun maganin da zai miƙar da ita, kuma fiye da takwas cikin goma na masu ciwon a can suna ɗauke da shi. A nan Saudiyya kuwa, binciken da likitocin Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad suka daɗe suna wallafawa ya nuna bai kai ɗaya cikin biyar ba, kuma cikin waɗanda suka fi yawa akwai 1548delG da 3120+1G>A, dukansu irin na biyu, waɗanda ke hana a ƙera ƙofar gaba ɗaya. Na ƙarshen nan shi aka fi samu a tsakanin baƙaƙen Afirka ta Kudu, ana samunsa da yawa a baƙaƙen Amurka da mutanen gabashin Saudiyya, kuma shi jikata ta gada ta wajen uwa da ta wajen uba.

A watan Oktoba na 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Trikafta, haɗin magunguna uku na kamfanin Vertex, kuma labarin ya iso wa iyayen masu ciwon kamar ganin watan sallah. Akwai wani yaro da mukan hango a asibiti, daga nesa, domin ba a barin masu wannan ciwo su kusanci juna ƙasa da mita biyu kada su yi musayar ƙwayoyin cuta. A da bene ɗaya ba ya hawa sai ya tsaya ya huta, amma bayan 'yan watanni da fara sha sai ga shi ya yi kumatu, uwarsa tana cewa tarin dare ya ɗauke. Da layi ya zo kanmu ɗana ya ce, "Daktora, mu fa sai yaushe?" Ta juyo da takardar awon gadon, ta ɗora bakin biro a kan lambobin, ta dube ni ta ce, "Ya ammi, wannan magani gyaran ƙofa yake yi, ita kuwa ba ta da ƙofar da za a gyara." Ko a Amurka ma rabon bai zo daidai ba, domin wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna kusan kashi 92 cikin 100 na fararen fata masu ciwon sun dace da irin waɗannan magunguna, baƙaƙe kuwa kusan kashi 70.

Daga ranar na sa ɗana ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake gwada magani. Mataki-mataki ake bi, a fara da mutane kaɗan domin a ga ko yana cutarwa, a ƙara yawansu domin a gane gwargwadon da za a sha, sannan a kai ga ɗaruruwa. Tun kafin a ba kowa ƙwaya ɗaya ake rubuta komai: wa zai shiga, wa ba zai shiga ba, me za a auna, tsawon wane lokaci, kuma me zai faru a ce a dakata. Sai a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha maganin, wasu su sha ƙwayar fanko mai kamarsa wadda babu komai a cikinta, ba tare da majinyaci ko likitansa ya san wanda ya faɗa ina ba, wani kwamiti na daban kuma yana leƙa sakamakon domin ya tsai da aikin idan ya ga ɓarna. Dalilin wannan wahala shi ne ciwon yakan tashi ya kwanta da kansa, sa rai kuma yakan sa mutum ya ji sauƙin da babu shi. Kwatanta gida biyu ba baƙo ba ne a wurin Musulmi, domin Abubakar Arrazi, likitan Bagadaza, ya rubuta fiye da shekara 1,000 da suka wuce cewa ya fitar wa wasu majinyata jini ya kuma bar wasu da gangan domin ya ga bambanci. Babban gwajin Trikafta mutum 403 ya ɗauka, 'yan shekara 12 zuwa sama, har mako 24, inda ƙarfin numfashinsu ya ƙaru da kusan maki 14, tashin ciwon kuma ya ragu da kashi 63 cikin 100. Aiki ne mai kyau da ban ga abin kushewa a cikinsa ba, sai dai an yi shi a Arewacin Amurka da Turai da Ostireliya, kuma sharaɗin shiga na farko shi ne mutum ya kasance yana ɗauke da F508del.

To, yanzu kiɗa ya canza, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tunda mafi yawan masu ciwon a can suna shan maganin da ke yi musu aiki, babu likita mai tsoron Allah da zai ce su ajiye shi su koma shan fanko na wata shida, kuma Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin ɗa'ar bincike a kan mutane, wadda aka sabunta a 2024, ta ƙuntata yin haka. Shi ya sa sabon haɗin da aka amince da shi a Disamban 2024, Alyftrek, da Trikafta aka gwada shi kafaɗa da kafaɗa. Babbar tambayar da ta rage ita ce ta waɗanda ba su da ƙofar. Su abin da ake nema musu shi ne maganin shaƙa da zai kai ingantaccen kofen rubutun cikin huhu, wanda ba ruwansa da irin kuskuren da mutum ya gada. An gwada wani irinsa a Birtaniya a kan mutum 140 na tsawon shekara guda, aka wallafa sakamakon a 2015, amfanin ya fito amma ɗan kaɗan, kashi 3.7 cikin 100, kuma yanzu akwai sababbi a matakan farko na gwaji. Waɗannan gwaje-gwaje suna bukatar majinyatan da magungunan gyaran ƙofa ba su yi musu aiki, irinsu kuwa tsiraru ne a Turai da Amurka, alhali a ƙasashen Larabawa da Afirka su ne kaso mai tsoka na masu ciwon. Ba sai an buga ƙasa ba, za a zo neman 'ya'yanmu. A ganina ya kamata a zo, ni ma zan fi kowa murna, amma a same mu a ƙidaye kuma da sharuɗɗanmu a hannu.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin Hajiya ta riga shi faɗa: "Malam, ba za a mai da mini jika zakaran gwajin dafi ba." Ba na ganin laifinta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda suka sha sabon maganin, shida cikin waɗanda aka ba na kwatance. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musa ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma kowa ya ga yadda wannan tabo ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, abin da ya gurgunta yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Amma ni darasin da na ɗauka daga Kano shi ne illar gwajin gaggawa a kan mutanen da ke cikin ruɗu, waɗanda ba a zauna da su tun farko ba. Gudun gwaji baki ɗaya kuwa shi ma yana da farashi, kuma jikata ce take biyansa, domin maganin da ke kasuwa da awon 'ya'yan wasu aka ɗinka shi.

Aikin farko shi ne ƙidaya. Iyayen yara ne suka kafa gidauniyar masu wannan ciwo a Amurka a 1955, ta buɗe kundin rajistar majinyata tun shekarun 1960, sannan a 1998 ta haɗa asibitoci wuri guda domin gudanar da gwaje-gwaje, ta yadda duk ranar da sabon magani ya fito an riga an san wa ke da wane kuskure, a wane gari yake, kuma yaya numfashinsa yake tafiya shekara da shekaru. Mu Hausawan Hijaz kashi-kashi ne: akwai 'yan ƙasa da kakanninsu suka zo a ƙafa ta Sudan, akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama, irina, akwai kuma waɗanda takardunsu suka samu tangarɗa, waɗanda ba sa kai yaro asibiti sai abin ya ci tura. Idan kundin da masu tsara gwaji za su dogara da shi ya tsaya a kan waɗanda suka iya kaiwa manyan asibitocin ƙwararru, to irin kurakuran da aka gado daga Afirka za su fito 'yan kaɗan a takarda, sai a ce ba su isa a shirya musu gwaji ba. Roƙona shi ne a rubuta duk yaron da awon gumi ya tabbatar, kowane fasfo iyayensa suke riƙe da shi, a karanta ƙwayar gadonsa daga farko zuwa ƙarshe maimakon a duba 'yan kurakuran da aka saba gani a Turai, a kuma ba iyaye tabbacin cewa abin da suka faɗa ba zai fita daga hannun likitoci ba.

Sai maganar amincewa, wadda a nan nake da abin faɗa da yawa. Saudiyya tana da dokar ɗa'ar bincike tun 2010, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar kuma ita ke ba da izinin gwaji ta yi masa rajista, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai sa hannu daban, fahimta daban. Na taɓa tsayawa tsakanin likita da wani dattijo alhaji, likita yana zuba bayani shi kuma yana "to, to, madalla," har ya dangwala yatsa, muna fitowa ya kama hannuna ya ce, "Ɗan nan, wai me ya ce ne?" A gidajenmu mata ne ke jinya, su ke tashi da asuba su bubbuga wa yaro ƙirji domin majina ta fito, su ke wanke na'urar shaƙa, kuma da yawansu suna jin Larabcin kasuwa sarai amma Larabcin takardar asibiti mai shafi 20 ya fi ƙarfinsu. Ya kamata a fassara takardar zuwa Hausa, a ɗauki muryar mai karanta ta a tura wa uwa a waya, a ba iyali mako guda su yi shawara, a kuma faɗa musu ƙarara cewa yaronsu yana iya faɗawa gidan fanko, cewa suna da ikon janye shi kowace rana ba tare da an rage masa kulawa ba, da kuma wanda zai ɗauki nauyi idan an samu illa. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi. Kada kuma a ɓoye abin da aka haɗa magani da shi. Ƙwayoyin narkar da abinci da masu wannan ciwo ke sha da kowane ci daga jikin alade ake samo su, malamai kuma sun yi sauƙi a kai saboda larura, amma mu a bakin maƙwabciya muka fara ji, kuma sai da Hajiya ta ɓoye kwalbar kwana uku kafin mu shawo kanta. Irin wannan idan ya faru ana tsakiyar gwaji, unguwa guda za ta janye 'ya'yanta a yini ɗaya.

Akwai kuma ma'auni. Duk wata uku ana matse wa jikata hanci da wani ɗan maƙali, a ba ta bututu, ma'aikaciya tana ihu "busa, busa, busa!" ita kuma tana ƙoƙarin kashe kyandirori a fuskar kwamfuta har idanunta su yi ja. Iskar da ta fito a sakan na farko ita ake kwatantawa da abin da ake tsammani daga mai shekarunta da tsawonta, kuma manyan gwaje-gwajen nan sun saba ɗaukar wanda ya samu tsakanin kashi 40 da 90. Tsofaffin jadawalin sun ɗauka cewa huhun baƙar fata ya gaza na farar fata da kashi 10 zuwa 15, wato yaronmu mai ciwo zai fito a takarda kamar ya fi yadda yake lafiya, har ya iya haura iyakar shiga a bar shi a waje. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina sa launin fata cikin lissafin, saboda haka duk mai tsara gwaji a nan ya rubuta tun farko da wane jadawali zai yi aiki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya tsara gwaji a ƙasar sanyi ba zai tuna da kalandarmu ba sai an tuna masa. Idan majinyata ba su da yawa akan ba mutum ɗaya magani na wasu makonni sannan fanko na wasu makonni, a kwatanta shi da kansa. To a ce zangon magani ya faɗo a Zulhajji, lokacin da tarin hajji ke shiga kowane gida a Makka, zangon fanko kuma ya faɗo a Safar da gari ya yi shiru, ai sai maganin kirki ya fito kamar ba ya aiki. Haka zafin da ke haura digiri 45, wanda ke tatse gishirin jikin waɗannan yara ya kai su gadon asibiti ba tare da huhunsu ya tashi ba, dole a san a wane layi za a rubuta irin wannan kwanciya. Ga kuma azumi. Trikafta sau biyu ake shan sa a yini, da tazarar awa 12, tare da abinci mai maiƙo, yinin Ramadan kuwa yakan fi haka tsawo, kuma duk da shari'a ta ɗauke wa mara lafiya azumi, na san samarin da za su yi shi a ɓoye su ce sun sha magani a kan lokaci. Gara a zauna da su da malamansu tun kafin a fara, a rubuta yadda za a yi.

Idan aka ce kowane kuskure masu shi ba su kai a yi gwajin ɗaruruwa ba, wannan ma an samo masa hanya. A 2013 masu bincike a birnin Utrecht na ƙasar Holan suka nuna cewa ana iya ɗebo ɗan tsokar da bai kai ƙwayar gero ba daga ƙarshen hanjin majinyaci, a rene shi a ɗakin bincike, a zuba masa magani, idan ya kumbura to ƙofar ta buɗe. Hukumar magunguna ta Amurka kuma ta karɓi shaidar ɗakin bincike ta faɗaɗa izinin Kalydeco, wani maganin gyaran ƙofa, zuwa ƙarin kurakurai 23 a 2017, na Trikafta kuma zuwa ƙarin 177 a ƙarshen 2020. Saudiyya da ta ƙaddamar da shirin karanta ƙwayoyin gadon al'ummarta tun 2013 ba za ta gaza wannan ba, kuma idan asibitocin Saudiyya da na maƙwabtanta suka haɗa kundinsu, adadin ma zai ƙaru.

Sharaɗin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne na bayan gwaji. Farashin Trikafta a Amurka lokacin da ya fito ya haura dala 311,000 a shekara, wato fiye da riyal miliyan ɗaya, kuɗin da ban tara ba a duk shekarun da na yi a maɗaba'a. Ɗan ƙasa yana da gwamnati a bayansa, mai iƙama kuwa sai abin da inshorar mai gidansa ta yarda da shi, wanda ya koma Kano ko Damagaram kuma sai Allah. Zalunci ne a ɗauki yaro ya ba da jininsa da numfashinsa na shekara guda, ya ɗanɗani lafiya, sannan ranar da aka rufe littafi a karɓe maganin. A rubuta a cikin yarjejeniya, da sa hannun kamfani, cewa duk wanda ya shiga kuma maganin ya amfane shi za a ci gaba da ba shi ko ina ya koma.

Ba kuma kowane gwaji ne sai kamfani ya kawo ba. A 2006 likitoci a Ostireliya suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 164, inda suka nuna shaƙar ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 7 cikin 100 yana rage tashin ciwon, kuma shi jikata take shaƙa safe da yamma. Tambayar yawan gishirin da ya kamata a ƙara wa yaro a zafin Makka ko na Sakkwato, babu ribar da za ta sa kamfani ya bi ta, amma asibitin koyarwa yana iya amsa ta da kuɗi kaɗan.

Mu ma akwai namu. Mun iya ɓoye ciwo don kada a ƙi auren 'yan gidanmu, na kuma san gidajen da suka binne yara biyu ko uku da tari da rama, aka ce iska ce ko maita. Awon kafin aure da Saudiyya ta wajabta tun 2004 yana duba sikila da wani ciwon jini na gado, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau, amma wannan ciwo ba ya ciki, saboda haka dangin da ya taɓa bayyana a cikinsu su nemi awonsa da bakinsu. Mu dai mun kai sauran jikokina an auna su, mun kuma sa hannu a ajiye bayanan yarinyar domin a kira mu idan an buɗe gwajin da ya dace da ita, bayan Hajiya ta sa an karanta mata takardar sau biyu da Hausa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilanka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da babban asibitin Yamai, su tambayi likitocin yara ko suna da na'urar awon gumi, da yara nawa suka taɓa tabbatar wa wannan ciwo, da kuma inda suke tura yaron da aka yi wa maganin tibi bai warke ba alhali goshinsa yana da gishiri. Duk amsar da suka bayar ka buga mana ita yadda take, ni kuma zan fassara ta zuwa Larabci in kai wa likitar jikata ranar da za mu koma bayan sallar layya.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Misfala, Makka.